Kwaɗo Zabiya da Kwaɗi Masu Baƙon Launi a Tafkin Lambu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya haƙa ɗan tafki a lambunsa, kwaɗi suka samu wurin zama a ciki, wata rana zai ci karo da wanda launinsa ya fita daban: fari, ja, rawaya, ko baƙi ƙirin. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ko dai zabiya ne, ko kuma ba shi da lafiya. Galibi ba ko ɗaya daga cikin biyun. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Na ga farin kwaɗo a tafkina. Zabiya ne?

Kafin ka yanke hukunci, duba idonsa. Zabiya na ainihi jikinsa ba ya iya haɗa melanin, sinadarin da ke ba fata da ido duhu. Saboda haka idonsa ja ne ko ruwan hoda, domin jinin da ke cikin jijiyoyin idon ne kake hangowa, babu abin da ya rufe shi. Idan jikin fari ne amma idon baƙi ne yadda aka saba, wannan wani yanayi ne daban: jikin yana iya yin melanin, sai dai ƙwayoyin da ke ɗauke da launi ba su bazu a cikin fata yadda ya kamata ba. Wani lokaci irin wannan kwaɗon yakan zo da dabbare-dabbare, wani wuri fari, wani wuri da launinsa.

Akwai kuma na uku, wanda shi ya fi yawa nesa ba kusa ba: lafiyayyen kwaɗo ne da ya yi haske saboda zafin rana ko saboda wurin da ya kwanta, kuma kafin gobe ya koma yadda yake. Kama da wane ba ta wane.

Daga ina launin kwaɗo yake fitowa tun farko?

Wannan tambayar ce mabuɗin sauran, don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

A cikin fatar kwaɗo akwai ƙwayoyin launi iri uku da aka jera hawa-hawa. Na sama suna ɗauke da rawaya, ruwan lemo da ja. Na tsakiya ba su da launi na kansu. Ƙananan ƙyalli ne a cikinsu, na wani sinadari da ake kira guwanin, waɗanda ke mayar da haske waje, kuma a kan shimfiɗa mai duhu hasken da suke mayarwa shuɗi ne. Na ƙasa su ne masu melanin, baƙi ko ruwan ƙasa, kuma suna da rassa da ke miƙewa sama su rungume na tsakiyar.

Abin mamakin shi ne, yawancin korayen kwaɗi ba su da koren launi ko ɗigo a fatarsu. Haske yana shiga, hawan tsakiya ya mayar da shi shuɗi, shuɗin ya ratsa hawan rawaya a hanyarsa ta fita, sai ido ya ga kore, kamar dai yadda mai fenti ke haɗa shuɗi da rawaya ya samu tsanwa. Da ka riƙe wannan, sauran lissafi ne kawai. Cire hawan sama, ka samu shuɗin kwaɗo. Cire na ƙasa, ka samu zabiya. Melanin ya yi yawa ya rufe komai, ka samu baƙi.

Wannan ne ma ya sa kwaɗo zabiya ba kasafai yake zama fari fat ba. Melanin kaɗai ya rasa, rawayarsa tana nan. Shi ya sa da yawansu ruwan zinariya ne, ko ruwan madara, ko ruwan lemo mai haske, da jan ido. Mutane sukan wuce irin wannan ba su san zabiya suka gani ba, su kuma tsaya kan wani fari mai baƙin ido suna kiransa zabiya.

Duk kwaɗin tafkina masu duhu ne. Ta yaya suka haifi zabiya?

Gado ne, amma irin gadon da ke ɓuya. Kowane kwaɗo yana karɓar ƙwayar gado guda daga uwa, guda daga uba, a kan kowace siffa. Muddin ɗaya daga cikin biyun tana aiki, jiki zai yi melanin, kwaɗon ya fito da launinsa ba tare da wata alama ba. Sai an yi dace uwa tana ɗauke da mai matsalar, uba ma yana ɗauke da ita, sannan ɗan da ya gaji duka biyun ya fito zabiya. A lissafin gado, idan iyaye biyu masu ɗauke da ita a ɓoye suka haɗu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ne zai zama zabiya, biyu su ɗauke ta a ɓoye kamar iyayensu, ɗaya ya tsira babu ita sam. Sau da yawa matsalar tana kan sinadarin tayirosines, wanda shi ke fara aikin haɗa melanin.

Daga nan za ka fahimci abin da ya sa wani tafki ke ta fitar da zabiyoyi shekara bayan shekara, na maƙwabta kuwa ko sau ɗaya. Kwaɗi suna yawan komawa ruwan da suka sani don hayayyafa. Idan katanga da titi sun killace ƙaramin lambu, dangi ne ke ta haɗuwa da dangi, sai ɓoyayyen gado ya riƙa samun abokin haɗuwa.

Ƙwan da aka saka a tafkina farare ne. Zabiyoyi za a ƙyanƙyashe?

Da wuya. Lafiyayyen ƙwan kwaɗo, a nau'o'in da suka fi zama a tafkin lambu, ɗigo ne baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu a tsakiyar yauƙi mai haske. Idan ɗigon ya koma fari ko toka-toka, yauƙin ya yi gizo-gizo, mafi yawan lokaci ƙwan ya mutu ne: ko dai maniyyin namiji bai same shi ba, ko sanyi mai daskarewa ya buge na saman, ko ya bushe. Bayan kwana kaɗan sai farar fumfunar ruwa mai kama da zare-zare ta lulluɓe shi. Kuma kada ka ruɗe da wani abu: sabon ƙwai samansa baƙi ne, ƙasansa fari-fari. Idan curin ya juye, za ka ga farin gefen ka zaci duk sun lalace.

Ƙwan zabiya kuwa fari ne ko ruwan madara tun ranar da aka saka shi, dukan curin bai ɗaya, yauƙin garau, kuma idan ka riƙa dubawa za ka ga ɗigon yana sauya siffa, yana miƙewa, yana fitar da wutsiya. Girma shi ne shaidar rai.

Sai dai akwai wani abu da ke rikita har waɗanda suka daɗe suna lura da kwaɗi. Launin ƙwai uwa ce ke zuba shi tun yana cikinta, ba ɗan da ke ciki ba. Don haka uwa zabiya za ta saka farin ƙwai ko da wane ne uban. Idan uban mai launi ne wanda ba ya ɗauke da gadon, 'ya'yan za su ƙyanƙyashe farare, sannan su riƙa yin duhu a hankali yayin da jikinsu ya fara yin nasa melanin, har su zama ba a bambanta su da sauran. Haka nan akasin haka: uwa mai launi da ke ɗauke da gadon a ɓoye za ta saka baƙin ƙwai, 'ya'yan su fito da duhu, sai wasu daga cikinsu su riƙa koɗewa yayin da launin da suka samo daga uwa ya ƙare. Farin ƙwai bai tabbatar da farin kwaɗo ba, baƙin ƙwai ma bai hana ba.

Kwaɗon da na gani jiya mai duhu ne, yau ya yi haske. Wani ne daban?

Mai yiwuwa shi ne dai. Ƙwayoyin melanin da aka ambata a sama suna iya baza launinsu cikin rassansu, fata ta yi duhu, ko su tattara shi wuri guda, fata ta yi haske. Wani sinadari da ke fitowa daga wani ƙaramin ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa shi ke ba da umarnin yin duhun. Sanyi, laima da wuri mai duhu suna sa shi duhu. Zafi, bushewa da wuri mai haske suna sa shi koɗewa. Ba cikin ƙiftawar ido ake yi ba, yakan ɗauki mintuna masu yawa zuwa sa'o'i. Duhun yana taimaka masa ya sha zafin rana da safe, hasken kuma ya rage masa zafin da tsakar rana.

Wasu nau'o'in sun kai wannan dabara ƙarshe. Kwaɗon bishiya mai sheƙar kumfa na kudanci da gabashin Afirka, Chiromantis xerampelina, yakan zauna a rana tsaka ya koma fari kamar alli. Wasu ƙananan kwaɗin ciyawa na dangin Hyperolius kuma, idan rani ya shigo, suna ƙara yawan ƙyallin hawan tsakiya har su yi fari tas, su manne a jikin kara su jira damina. Babu zabiya a cikinsu.

A gefe guda, wannan halin na fatar kwaɗo ya yi wa ɗan Adam amfani. A 1958, Aaron Lerner da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka sun gano melatonin, sinadarin nan da aka fi sani yau da batun barci, kuma sun gane shi ne ta yadda yake sa fatar kwaɗo ta yi haske. 'Ya'yan kwaɗi da yawa sukan koɗe da dare saboda shi, su dawo da duhunsu da gari ya waye.

Nawa ja ne. Ba cutar jan ƙafa ba ce?

A nan ake bukatar natsuwa, domin duka biyun suna faruwa. Kwaɗon da ya fi yawa a tafkunan lambu na Birtaniya da arewacin Turai, Rana temporaria, yana cikin mafi yawan launi: ruwan ƙasa, ruwan zaitun, toka-toka, rawaya, ruwan lemo, ja, har da baƙi. Duk lafiyarsu ƙalau. Abin da ya fi tabbata a jikinsa shi ne duhun tabon da ke bayan ido da ratsin ƙafafun baya. A lokacin barbara, a ƙarshen hunturu, mace takan ƙara ja-ja, ƙananan ƙuraje farare masu kama da duwatsun ado su fito mata a gefen jiki. Namiji kuma yakan yi toka-toka, maƙogwaronsa ya yi shuɗi-shuɗi, wani baƙin kanta ya fito masa a babban yatsan hannu wanda yake riƙe mace da shi. Mutane da dama suna ɗaukar waɗannan a matsayin cuta, alhali ado ne na lokaci.

Cuta ba a launi kaɗai ake gane ta ba. Jan da ke nuna ciwo jan jini ne da ya taru ƙarƙashin fata, musamman a ciki da cinyoyi, tare da gyambo, ko yatsu suna rubewa, ko kwaɗon ya rame ya zauna a fili da rana ba ya gudu in an matso. Babbar alama ita ce ka tarar da matattu da yawa cikin 'yan kwanaki lokacin zafi. Wannan yakan nuna ƙwayar cutar kwaɗi da ake kira rana-bairos, wadda ta fara kashe kwaɗin lambu a kudancin Ingila tun shekarun 1980. In ka ga haka, ka binne matattun ko ka ƙone su, kada ka ɗebi ruwa, tsiro ko ƙwai daga tafkin ka kai wani wuri, kuma ka sanar da hukumar da ke kula da namun daji a inda kake. Amma jan kwaɗo mai ƙiba, mai sheƙin fata, wanda ya yi tsalle ya faɗa ruwa da ka tunkaro shi, ƙyale shi.

Da gaske akwai shuɗin kwaɗo?

Akwai, ta hanya biyu. Na farko shi ne wanda ya rasa hawan rawaya tun haihuwa. Ana samun irinsa jefi-jefi a cikin korayen kwaɗin Amurka ta Arewa da na ruwan Turai, wani duk jikinsa, wani kansa kaɗai. Na biyu na ɗan lokaci ne. Mazan kwaɗon fadama na Turai, Rana arvalis, ruwan ƙasa ne duk shekara, amma a tsakiyar lokacin barbara sukan rikiɗe su zama shuɗi na 'yan kwanaki kacal, sannan su koma. A Indiya kuma, da ruwan farko na damina ya sauka, mazan babban kwaɗon nan Hoplobatrachus tigerinus sukan koma rawaya shar. Kusan duk shekara sai bidiyonsu ya yi yawo a intanet ana cewa fenti aka shafa musu ko kwamfuta ce ta haɗa. Ba ko ɗaya ba ne.

Zabiya zai rayu a tafki kuwa?

Zai iya, amma hanyarsa ta fi ta 'yan'uwansa ƙaya. Makamin kwaɗo na farko shi ne kada a gan shi, shi kuwa wannan tun yana ɗan mitsitsi mai wutsiya yake haskawa a cikin ruwa. Kifi, tsutsar mazari, ƙwaron ruwa, zalɓe, maciji, kyanwa, kowa shi zai fara hangowa. Melanin kuma yana kare fata da ƙwai daga zafin hasken rana, yana taimaka wa ido wajen gani, kuma kwaɗo da ido yake farauta. An sha lura cewa 'ya'yan zabiya suna jinkirin girma, wasunsu ma ba sa kammala rikiɗa daga ɗa mai wutsiya zuwa cikakken kwaɗo.

Duk da haka, a tuna cewa mace ɗaya ta Rana temporaria tana iya saka ƙwai har 2,000, kuma ko a cikin masu launi 'yan ƙalilan ne ke kai wa girma. Idan ka ga babban zabiya, to ka ga wanda ya riga ya tsallake mafi munin haɗarin da kansa. Lambu ma ya fi daji sauƙi a gare shi.

In ɗauke shi in ajiye a cikin gida don in cece shi?

A'a. Wannan ita ce amsar da ba a son ji, amma ita ce daidai. Kwaɗon da aka kamo daga waje yana bukatar abinci mai rai, da laima, da sanyin da ya dace da lokacin shekara, kuma mafi yawan masu niyyar ceto a ƙarshe su ne ajalinsa. Fatarsa tana shan duk abin da ya taɓa ta, sabulu, man shafawa, gishirin gumi. Idan dole ce ta sa a ɗauke shi daga hanya, a jiƙa hannu da ruwan tafkin tukuna.

Taimakon da ke da amfani shi ne a ba shi maɓoya: tsire-tsire masu yawa a cikin ruwa da bakinsa, doguwar ciyawa a gefe ɗaya, tarin itace ko duwatsu kusa, gefen tafki mai gangare yadda zai fita cikin sauƙi. Kada a zuba kifi, kada a fesa maganin ƙwari kusa. Doka ma tana da ta cewa a wasu ƙasashe. A Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta hana sayar da kwaɗon lambu ba tare da izini ba, komai kyan launinsa.

Amma ai ana sayar da fararen kwaɗi a shagunan kifin ado. Su fa?

Waɗannan kusan dukansu Xenopus laevis ne, kwaɗo mai farce na kudancin Afirka, wanda ke rayuwarsa kacokan cikin ruwa. Ya shiga ɗakunan bincike na duniya tun shekarun 1930, lokacin da ake amfani da shi wajen gwajin ciki: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin mace 'yar Adam, idan matar tana da juna biyu sai kwaɗon ta saka ƙwai cikin sa'o'i. Da shi masanin kimiyya John Gurdon ya yi binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 2012, kuma ya yi amfani da zabiyoyin a gwaje-gwajensa, domin idan aka dasa gadon zabiya a cikin ƙwan uwa mai duhu, farin ɗan da ya fito shaida ce a fili ta inda gadonsa ya fito. Zabiyoyin da ake sayarwa kiwonsu aka yi zuriya bayan zuriya.

Kada a taɓa sakin su a tafkin lambu. Suna cin duk abin da ya shiga bakinsu, suna iya ɗaukar fumfunar kitirid da ta halaka kwaɗi a nahiyoyi da dama ba tare da ta kashe su kansu ba, kuma waɗanda suka kuɓuce sun riga sun kafa zuriya a Kalifoniya, Faransa, Fotugal da Chile. Mai saye ya lura kuma: akan sayar da ƙananansu da sunan wani ɗan ƙaramin kwaɗon ruwa da ba ya girma. Duba hannayen gaba. Idan yatsun a rabe suke babu fatar da ta haɗa su, Xenopus ne, kuma macen tana iya kai santimita 12.

Aksolotil, wato salamanda (dangin kwaɗo mai wutsiya) na tafkin Sochimilko na ƙasar Meziko, shi ne misali mafi sauƙi na bambancin da aka fara da shi. Farin nan mai jajayen geza a wuya da kowa ya sani a hoto idonsa baƙi ne, don haka ba zabiya ba ne. Zabiyansa ruwan zinariya ne ko fari mai jan ido, kuma wannan gadon daga wani nau'in salamanda aka shigo masa da shi ta hanyar haɗa iri a shekarun 1960. Na daji kuwa mai duhu ne.

Ba kwaɗi kaɗai ke tafkin ba. Na ga wata farar halitta mai kama da ƙadangare, da geza a wuya.

Niyut ke nan, ɗan'uwan kwaɗo mai wutsiya. A ƙa'ida yana zubar da gezar numfashin nan idan ya girma, ya fita tudu. Wasu ba sa zubarwa, su girma a ruwa da siffar ƙuruciya, kuma an lura irin waɗannan sau da yawa koɗaɗɗu ne, rawaya-rawaya ko ruwan madara. Ba ya bukatar komai daga gare ka sai kada tafkin ya ƙafe.

Baƙon launi alama ce ta gurɓatar ruwa, ko ta dafi?

Kwaɗo ɗaya ko biyu masu baƙon launi ba sa nuna komai game da ruwanka. Zabiya ba ya yaɗa wani abu ga sauran, kuma bai fi ɗan'uwansa mai launi dafi ba. Gaskiya ne wasu nau'o'in suna tallan dafinsu da launi mai ƙarfi, kamar ƙananan kwaɗin dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, amma wannan siffar nau'in ce gaba ɗaya, ba ta ɗaya da ya bambanta da danginsa ba. Wanke hannu bayan taɓa kowane kwaɗo ya wadatar.

Ta yaya zan san ko shi ne ya dawo baɗi?

Da hoto, ba da launi ba, tunda launin yana hawa yana sauka. Tsarin ɗige-ɗigen baya shi ne ba ya sauyawa sosai bayan kwaɗo ya girma, kuma kowane da nasa. Ɗauki hoton bayansa daga sama, da wani daga gefe inda ido ya fito sosai, ka rubuta kwanan wata. A kashe fitilar kyamara, domin haskenta yana iya sa idon lafiyayyen kwaɗo ya fito ja a hoto, ka je kana shelar zabiyan da babu shi. Idan akwai ƙungiyar masu tattara bayanan kwaɗi a ƙasarka, tura musu. Rahoton zabiya na ainihi, da na farin ƙwan da ya ƙyanƙyashe, abu ne da suke so, musamman in ka bi 'ya'yan da hoto mako-mako har aka ga ko sun yi duhu ko sun zauna a farinsu.